Wata biyar Mama tana shan maganin maƙoƙo, TSH ya ƙi sauka

Assalamu alaikum. Don Allah likitoci da masana magunguna, ku taimaka mini.

Mahaifiyata tana da maƙoƙo. Gwajin jini ya nuna ƙullin tayiroid da ke wuyanta ba ya samar da isasshen sinadarin thyroxine, shi ya sa TSH, wanda ƙullin fituwitari na ƙasan ƙwaƙwalwa ke fitarwa don zaburar da shi, ya hau. Aka ɗora ta kan levothyroxine, maikurogiram 50 kullum da asuba kafin ta ci komai.

Mun sake gwaji bayan mako 8, an ƙara zuwa 75, yanzu wata biyar ke nan TSH bai sauko ba. Ga kasala, ga jin sanyi ko da rana tsaka, gashinta sai zubewa yake. Ganinta haka yana hana ni barci.

Jiya na lura da kunun gyada take haɗiye ƙwayar, tare da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe. Shin wannan ne ke hana maganin shiga jiki? Awa nawa ya kamata a bari tsakaninsu? Kuma idan azumi ya zo, da sahur za ta sha ko da dare?