Dan Allah a taimaka, array ɗina ya fi ƙarfin RAM kuma kusan duk sifili ne

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Da R nake aiki, manhajar nazarin alƙaluma, ina da data na masu saye 5,000, kaya iri 2,000, kwana 365, so nake in haɗa su array, wato jerin guraben lambobi, mai fuska uku (mai saye, kaya, rana). Na gwada umarnin table ya ce yawan guraben ya kai ko ya wuce iyakarsa ta 2^31, na koma array shi kuma ya ce ba zai iya ware 27.2 Gb ba, RAM ɗina kuwa Gb 8 ne kacal. Abin haushin ma cinikin gaske bai wuce layi miliyan 2 ba, sauran duk sifili. Ya zan yi?

Ɗan lissafi: Wa'alaikumus salam. Ai R bai yi laifi ba ɗan'uwa, gurbi biliyan 3.65 ka nema kowanne kuma bayit 8, sifili ma sai an ba shi mazauni. Ka daina gina shi gaba ɗaya, ajiye i, j, k (lambar mai saye, kaya da rana) da adadin kawai, layi miliyan 2 ɗin nan wajen MB 40 zai ci. Sauke package ɗin R mai suna slam, akwai simple_sparse_array a ciki, wato array irin sparse da ba ya ajiye sifili, da rollup idan jimla kake so.

Sabon shiga: to package ɗin Matrix fa? ni shi na sani

Ɗan lissafi: Fuska biyu kaɗai yake ɗauka, haka ma umarnin xtabs da sparse=TRUE. Sai dai mai tambaya ya naɗe kaya da rana su zama ginshiƙi ɗaya, j + (k-1)*2000, ya samu 5,000 sau 730,000, sparseMatrix na cikin Matrix zai ɗauka ba gardama, kuma glmnet, package ɗin gina model, na karɓar sa kai tsaye in ma model zai yi.

Yayar gida: Ni tambayata ɗaya ƙanena, sifilin nan duk sifili ne na gaske? Domin "bai saya ba" daban, "ba a rubuta ranar ba" daban, kuma da zarar ka zuba su a sparse duk ɗaya zai ɗauke su, NA kuwa, alamar "ba a sani ba", sai an ajiye shi a gurbinsa yana cin waje, nan mutane ke zamewa wallahi. Sannan in ka ɗau mean, wato matsakaici, na lambobin da aka ajiye kawai zai fito maka da amsa mai ƙiba, ka raba jimlar da yawan guraben duka. Kada kuma ka cire mean daga kowane ginshiƙi, sifilan za su tashi daga sifili, RAM ya sake cika. as.array mai mayar da shi cikakken array ma haka.

Mai tambaya: Allah ya saka Yaya. Akwai kwanakin da ba a shigar da komai ba kam. Jimlar wata-wata nake nema ga kowane kaya.

Yayar gida: Kai! To ai ba ka ma buƙatar array. Bar shi dogon tebur a package ɗin data.table, ka yi sum da by, wato jimla rukuni-rukuni, na kaya da wata, kwanakin da ba a rubuta ba ka ware su a wani tebur daban don ka san da nawa za ka raba.