Waƙar rabuwa da fiyano kaɗai: ina ake samo sanyin nan?

Sabon_Hannu: Assalamu alaikum. Manyanmu na sutudiyo, a taimaka. Waƙar rabuwa ce, fiyano da murya kawai, irin wadda mai sauraro zai yi tsit. Kod ɗin, wato notocin da ake bugawa tare, Am, F, C, G ne, amma sautin yana fitowa a cunkushe, ba ya sanyaya jiki. Ina gyaran yake?

Baban_Fiyano: Wa alaikumus salam. Kod ɗinka ba su da laifi, notoci ne suka yi yawa. Fara sauke gudun zuwa bugu 60 ko 70 a minti. Hannun hagu ya riƙe nota biyu kacal, tushen kod da ta biyar ɗinsa, wato A da E a kan Am. In ka cusa C, ɗaya notar ta Am, a can ƙasa sai sautin ya dagule, domin notocin ƙasa in sun matsu cin juna suke. Bar wa hannun dama C ɗin, a tsakiyar allon fiyano.

Sai feda, abin takawar nan da ke sa sauti ya daɗe, nan akasari ake faɗuwa. Kada ka danne ta tun farko har ƙarshe. Kana buga sabon kod ka ɗaga ƙafa, ka mayar nan take. In ka makara daga C zuwa G, B ɗin da ke cikin G zai yi karo da C ɗin da bai gama mutuwa ba. Wannan ne cunkoson da kake ji.

Kuma fiyano ya zama kamar ɗan amshi: mawaƙi na magana ya ja baya, sai an ja numfashi ya sako nota biyu ko uku.

Mai_Haɗa_Sauti: Gaskiya ne, Baba. Ƙari kaɗan, ɗan'uwa, in a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio kake aiki. Ƙarfin bugun nota a MIDI, wato tsarin rubuta notoci a kwamfuta, yana kaiwa 127, kai tsaya tsakanin 40 da 70, kuma kada duka su zo ɗaya. Kada ka jera notocin cif a kan layin awon bugu, ɗan jinkirin nan shi ne ran waƙar.

Mawaƙi ya matso makirufo kamar santimita 15, ya rera ƙasa-ƙasa. Matsowar tana ƙara wa murya kauri, don haka yanke sautin can ƙasa, abin da ke ƙasa da 90 Hz. Amsa-kuwwar da za ka ƙara wa muryar ta yi daƙiƙa 2 zuwa 3, ka jinkirta shigowarta da milisakan 40, in ba haka ba kalmomi su nutse. A kashe fanka tukuna. Waƙar da babu ganga ba ta ɓoye ƙarar fanka ko gurnanin janareta.

Hajiya_Murya: Abu ɗaya kuka bari: Auto-Tune, manhajar da ke daidaita murya a kan nota. Irin matsawar da ake yi wa waƙar biki ba ta shiga nan, tana goge rawar muryar da ake nema. A sassauta saurin gyaransa sosai, ko a gyara notar da ta kauce da hannu. Numfashin ma kada a yanke shi duka, a rage masa ƙara kawai.