Neman shawara: ina zan kai yara shan iska a Kwatano ba sai an kashe kuɗi ba?

Uwar Uku: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara. Bara muka taso daga Maraɗi, maigida na harkar motoci a nan Kwatano, muna zaune a Zongo, ɗaki biyu ba tsakar gida. Yarana uku ne, babbar shekara 10, na tsakiya 7, auta 3. An yi hutun makaranta, sun cika ɗaki da rigima, ni kuma kaina ya ɗauki zafi. Tun da iyakar Nijar da Benin ta rufe kasuwa ta ja baya, ba ni da fuskar ce wa babansu ya ba ni kuɗin wurin wasa. Akwai inda zan kai su su yi guje-guje kyauta? Har yau ba su taɓa ganin teku ba, kullum sai sun tambaye ni.

Hajiya ta Zongo: Wa alaikumus salam 'yata. Kina zaune a bakin teku kina neman wurin wasa? Ki kai su Fidjrossè, can bayan filin jirgin sama na Cadjèhoun. Yashi ne iya ganinki, ba ƙofa ba mai karɓar kuɗi. Abin da ke cin kuɗi shi ne rumfunan masu sayar da abinci da abin sha, in kin zauna a kujerarsu dole ki sayi wani abu. To ki tafi da tabarmarki, ki shimfiɗa a gindin kwakwa, amma ki ɗaga kai tukuna, kada ki zauna daidai ƙarƙashin 'ya'yan. Ki dafa shinkafa da wake ki zuba a kula, ki ɗauki ruwa daga gida. Yaro in ya ƙoshi ba ya bin mai talla da ido.

Ki je da safe, bayan an karya. Yammacin Lahadi wurin ba na irinmu ba ne, kiɗa ko'ina, ga masu shaye-shaye.

Tsohon Direba: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma bari in yi nauyin baki a kan abu guda, don na daɗe a garin nan kuma na ga abin da ba na so in sake gani. Tekun Kwatano na kallo ne, ba na wanka ba. Mu mutanen arewa mun saba da tafki da gulbi, ruwan da za ka taka a hankali ka ji zurfinsa. Wannan ba haka yake ba. Gaɓar a gangare take, igiyar ruwa kuma a daf da yashi take fashewa da ƙarfi. In ta koma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ka ji kana nutsewa alhali a tsaye kake. Babba ma yana faɗuwa, balle ɗan shekara 3. Sannan akwai wuraren da ruwan da ya taru a baki yake samun hanya ya koma ciki da gudu. Wurin ya kan yi lumui, ba kumfa sosai, sai mutum ya ɗauka nan ne ya fi aminci, alhali nan ne ya fi ja.

Don haka ƙanwata, da kun isa ki dubi inda yashi ya jiƙe, ki koma baya sosai ki ja layi da sanda, ki ce musu wanda ya tsallake an fasa zuwa gaba ɗaya. Kada ki ba babbar riƙon autan, ita ma yarinya ce. Kada kuma ki je ke kaɗai da su uku. A watannin Yuli da Agusta ruwan ya fi hauka, kuma shi ne daidai lokacin hutun nan.

Maman 'Yan Biyu: Wallahi Baba kun tsorata ni, ni da nake barin nawa su jiƙa ƙafa.

Tsohon Direba: In dai hannunsu na cikin naki kuma ruwan bai wuce idon sawu ba, da sauƙi. Waya ce matsalar. Uwa ta juya tana ɗaukar hoto, shi ke nan.

Malamin Lakwal: Ni zan kawo wani wurin da ba ruwa. A kan titin Marina, kusa da fadar shugaban ƙasa, akwai babban fili mai shimfiɗe inda aka kafa mutum-mutumin jarumar Dahomey, tsohuwar masarauta ta ƙasar nan. Tsawonsa mita 30, shugaba Patrice Talon ya buɗe shi ranar 30 ga Yulin 2022. Shiga kyauta ne, wurin a share yake, kuma yaro zai yi gudu ba fargabar babur. Ki je bayan la'asar don ba inuwa. Babbar taki za ta ƙaru, domin labarin gaske ne: sarakunan Dahomey da ke Abomey suna da rundunar mata zalla, waɗanda suka gwabza da sojan Faransa a 1890 da 1892 zamanin sarki Béhanzin. In kin taɓa ba ta labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, to ga inda za ki ɗora.

Daga nan ku bi gefen katangar tashar jiragen ruwa. Masu zane sun cika ta da hotuna masu launi, tafiyar ɗaruruwan mitoci, sarakuna da masunta da matan kasuwa. Nawa yaran gasa suke yi, wa zai fara gano kifi ko ganga. Sai dai titin na da motoci, a riƙe hannu.

Abu Sumayya: Malam, da girmanka kake tura mace ta kai yara wurin gunki? Ni ban ga dacewar haka ba.

Malamin Lakwal: Akhi, ba wanda ke bauta a wurin, masu ɗaukar hoto ne da yara masu wasa. Amma kowa da inda zuciyarsa ta natsu. Wanda bai so ba, katangar da bakin teku sun ishe shi.

Hajiya ta Zongo: Ku bar gardamar nan, yarinya shawara ta nema. Tunda an taɓo zancen, ga abin da ya fi kusa da faruwa: a bakin ruwa wani lokaci za ki ga ƙwarya ko farin ƙyalle ko kwalba an ajiye. Na masu gargajiyar garin ne. Ki hana yara taɓawa, ki kuma hana su yin dariya ko nuni. Baƙi muke, lafiya muke zaune da mutane.

Maman 'Yan Biyu: Ni abin da yarana suka fi so ma ba ruwan ba ne. In kika ɗan matsa gaba ta hanyar masunta, wadda ke bin gaɓa har Ouidah, da safe za ki tarar ana jan koma. Maza sun yi layi a kan igiya suna ja suna waƙa, a daɗe ana abu ɗaya, mata na jira da robobi. Da komar ta fito sai ka ga kifi na tsalle, ga ƙaguwa. Ɗana ya yi mako yana ba da labari. Ki gaishe su, ki tsaya gefe kada yara su shiga cikin igiya, kuma ki nemi izini kafin hoto, wasu ba sa so. Ga jirage na sauka ta saman kanku, shi ma kallo ne.

Kuɗin da ba ki tsira daga gare shi ba shi ne na zuwa. Kada ki ɗora yara uku a kabu-kabu ɗaya don rangwame, kuma yanzu 'yan sanda na kama fasinjan da ba hular kwano. Gara ku haɗu gida biyu ko uku ku ɗauki mota ɗaya ku raba kuɗin. Ki sa musu takalmi saboda fasassun kwalabe, yashin kuma da rana ta ɗaga ƙuna yake. Ki tafi da leda ki kwaso shararku, da buta don alwala.

Uwar Uku: Allah ya saka muku da alheri, na gode ƙwarai. Baba, na karanta wa maigida saƙonku, ya ce ba inda za mu sai da shi, ya yarda ranar Asabar da safe tunda ba ya fita da wuri. Maman 'Yan Biyu, in kuna da niyya ki yi min magana ta akwati mu haɗa motar. Kamar ƙarfe nawa masu komar suke farawa?

Maman 'Yan Biyu: Ba su da ƙa'ida, ruwa ne ke ba su lokaci. Mu dai mu fita kafin takwas. Ki zo da tabarma biyu, tawa ta yage.