Wace irin kwalbar kashe gobara ta dace da ɗakin injin jirgin ruwa?

Ɗan Goulbi:
Assalamu alaikum jama'a. Ni da ƙanena muka haɗa kuɗi muka sayi babban kwale-kwale mai inji, shi yake aiki da shi can Gaya yana ɗaukar kaya, ni ina nan Maradi sai dai waya. Injin gazuwal ne, an yi mishi akwatin katako da murhi a bayan jirgin, batir ma nan ciki yake. To na shiga babbar kasuwa in sai estanter, wato kwalbar kashe gobara, na tarar iri biyu, mai hoda da mai CO2, kowane mai shago na yabon nashi. Wanne zan aika mishi don Allah?

Malam Sani Mekanisiyan:
Wa alaikumus salam Alhaji. Mai hoda wadda aka rubuta ABC a jikinta ita ce ta kowa da kowa, tana kashe wutar katako da ta mai da ta gas, kuma ta hi araha. Amma ni da nike buɗe injuna ina gaya maka hodar nan ɓarna gare ta, in injin na aiki ya zuƙe ta sai an kwance shi an wanke, kuma in ta haɗu da laima tana cin wayoyi da ƙarhe, ga shi kuma kan ruwa kuke. CO2 ba ta barin komi, sai dai a hili iska ke kwashe ta, a ruhaffen wuri take aiki, wato daidai akwatinku. Ni da nawa ne biyu zan saye, CO2 ta kilo 5 don injin, mai hoda ta kilo 6 don sauran jirgin da kaya. Kuma kar a rataye su cikin akwatin, ranar da wuta ta tashi wa zai sa hannu ya ɗauko?

Abban Nana:
Malam Sani ya gama magana amma bari in ƙara abin da ya hi kwalbar kanta muhimmanci. Ka gaya ma ƙanenka in ya ga hayaƙi KAR ya ɗaga murhin, yana ɗagawa iska ta shiga wutar ta taso mishi a huska. Ku sa kahinta ya huda ƙaramin rami a gehen akwatin daidai bakin kwalbar, a yi mishi ɗan marhi, ta nan ake hesawa. Kahin nan a kashe inji, a ruhe mai, a cire batir in da hali, don injin gazuwal in yana tahiya zai shanye gas ɗin ya hidda shi ta bututun hayaƙi, kun yi aikin banza kenan. Bayan an hesa ma a bar shi a ruhe ya huce, CO2 ba ta sanyaya ƙarhe sosai, wuta na iya dawowa. Kuma kwalbar nan ba ta daɗewa, daƙiƙa 10 zuwa 20 ta ƙare, babu damar gwaji.

Ɗan Goulbi:
To ai ga ruwa nan ko'ina, in ta ƙare ba sai a kwarara bokiti ba?

Abban Nana:
A'a Alhaji, mai bisa ruwa yake tasowa, za ka baza wutar cikin jirgin ne kawai. In katako ko buhu ke ci, to, ruwa ya yi. Akwai kuma kwalabe masu tashi da kansu, ana ɗaure su cikin ɗakin injin, in zahi ya kai wajen digiri 79 su buɗe, gas ɗin FM-200 ke ciki, amma da tsada kuma sai an auna tsawo da hwaɗi da zurhin akwatin a sayi daidai girmanshi, ƙarama ba ta kashewa. In wani ya kawo maka tsohuwa mai gas ɗin Halon ka bar mishi abinshi, an daina yin sabo sakamakon yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Montreal ta 1987.

Malam Sani Mekanisiyan:
Sannan jarkokin esans da suke ɗauka a nisanta su da akwatin, tururin esans ya hi iska nauyi, ƙasan jirgi yake kwanciya yana jiran tartsatsin batir. Mai hodar a riƙa duba allurarta tana kan kore, a juya ta a girgiza lokaci lokaci don jijjigar inji na dunƙule hodar. Ita CO2 ba ta da allura, a sikeli ake ɗora ta a gwada da nauyin da aka rubuta a jikinta.

Ɗan Goulbi:
Na gode ƙwarai, Allah saka da alheri. Gobe zan sayi biyun in ba mota mai zuwa Dosso, ramin kuma yanzu zan kira shi ya nemi kahinta.