An sake wa mahaifina katin banki, amma har yanzu ana cire masa kuɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar wanda ya san harkar banki.

Mahaifina tsohon malamin makaranta ne a nan Maraɗi, kuɗin fanshonsa ta banki suke shigowa. Watan jiya wani ya kira shi, ya faɗi cikakken sunansa, ya ce daga banki yake, za a rufe katinsa in bai sabunta ba. Baba ya sa tabarau ya karanta masa lambobi 16 na gaban katin, da ukun nan na baya, har da lambar da aka turo masa ta saƙon waya. Kafin la'asar jikka 85 sun tafi.

Washegari da sassafe muka je banki, suka toshe katin, bayan kwana goma suka ba shi sabo. Kuɗin kuwa sun ce tunda da bakinsa ya bayar da lambar, ba su da alhaki. Muka haƙura.

Abin da ya ɗaure mini kai, shekaranjiya an sake cire jikka 6, wai sayayya ta intanet. Sabon katin yana cikin akwatin Inna, ko sau ɗaya bai fita ba. Baba ko barci ba ya yi.

Ta ina suke shiga? Rufe asusun gaba ɗaya za mu yi, ko layin wayarsa ne matsalar? Kuma in banki ya ƙi saurarenmu, wajen 'yan sanda za mu fara kai ƙara ko BCEAO, wato babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa?