ALT ɗina bai wuce iyaka ba, amma likita na maganar fara magani

Bello Mai Faci, Mabera

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda zai karanta mani takardar gwaji. Bara anka kira ni in ba matar yayana jini wurin haihuwa, anka ɗiba anka ce ba a iya sa mata shi, wai ina da ciwon hanta nau'in B. Bayan wata shida anka sake, HBsAg, wato alamar ƙwayar cutar cikin jini, na nan daram. Ni kuwa ban taɓa shawara ba, idona fari tas, ina faci tun safe har la'asar.

Ga abin da sunka rubuta wanga karo: HBeAg, wai alamar ƙwayar na hayayyafa, babu. ALT, sinadarin hanta da ake aunawa a jini, 34, a gefe an ce iyaka 40. AST, shi ma sinadari ne irin ALT, 46. PLT, wasu ƙwayoyin jini, 128. Likita ya danna lissafi a wayarsa, ya ce da alama hanta ta fara tabo, in yi sikanin da gwajin HBV DNA mai ƙirga ƙwayar cutar, kuma wataƙila in fara shan maganin tenofovir, ba ranar bari. Mai kemis na unguwarmu kuwa ya ce tun da HBeAg babu, cutar barci take, ɗauke da ita kawai nike. Shekarata 37, mata ɗaya, yara huɗu. Maganar wa zan kama?

Umar, ma'aikacin ɗakin gwaji

Wa alaikumus salam, Malam Bello. Kama maganar likita. Zan gaya maka lissafin da ya yi, don ka sake shi da kanka.

Sunansa APRI. Ana raba AST da 40, a raba abin da ya fito da adadin PLT, a ninka da 100. Naka: 46 a raba da 40 ya ba da 1.15, a raba da 128, a ninka da 100, ya kama kusan 0.9. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024, wanda APRI ɗinsa ya haura 0.5 ana ɗaukar hantarsa ta yi tabon da ya isa a fara magani, ko mene ne ALT ke nunawa. In ya haura 1, ana zargin hanta ta ƙanƙance.

Me ya haɗa PLT da hanta? Su ne ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare in an yanke, kuma ana son su kai 150 zuwa sama. In hanta ta yi tabo, jini ba ya ratsa ta da sauƙi, sai ya taru a saifa, saifa ta kumbura ta riƙe ƙwayoyin nan. Ita hantar kuma ita ke yin sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera su. Shi ya sa nake fara duba layin PLT kafin na ALT, wanda kowa ke rugawa gare shi.

ALT kamar hayaƙi ne: yana nuna ana ƙonewa yau, ba ya gaya maka rumbu nawa suka ƙone a shekarun baya. Yana hawa yana sauka. Ita 40 ɗin da muke bugawa a takarda ma ta yi sassauci. Ga wannan ciwon, iyakar da hukumar ta ɗauka ita ce 30 ga namiji, 19 ga mace. Ka ga 34 ɗinka ta ɗan leƙa.

Batun HBeAg kuwa, a nan mutane da yawa ke kwanciya da sakaci. Gaskiya ne wasu in ta ɓace cutar na lafawa. Amma a Afirka ta Yamma ana yawan samun ƙwayar da ta canza hali, ta daina fitar da wannan alamar alhali tana ci gaba da hayayyafa. HBV DNA ne ke raba gardama, don shi ke ƙirga ƙwayar kanta. In ya wuce 2,000 kuma ALT ya haura iyaka, wannan ma dalili ne na fara magani.

Ɗan Illela

Bello, kar su ɗaure ka da ƙwaya har abada. Akwai mai sassaƙe da na sani, maƙwabcina ya sha na wata biyu, ya koma gwaji aka ce babu komai.

Malama Inno, ma'aikaciyar jinya

Ɗan Illela, Allah ya ba ka ladan niyya, amma tsaya. Babban mutum da ya kamu da cutar nan sabuwa, mafi yawansu jikinsu ne ke kore ta cikin wata shida, ko sun sha sassaƙe ko ba su sha ba. Wanda ta zauna wa kamar Bello, galibi tun yana jariri ko ƙaramin yaro ya same ta, nasa lissafin daban ne. Kuma duk jiƙon da aka kwankwaɗa, hanta ce ke tace shi. Na ga waɗanda aka kawo ciki ya tara ruwa, ido ya yi ɗorawa, 'yan uwa na riƙe da galan ɗin jiƙon.

Ƙanena Bello, tenofovir ƙwaya ɗaya ce a rana. Ba ta cika kawar da HBsAg ba, kar ka sa rai da haka. Danne ƙwayar take yi har gwaji ya kasa ganinta, kuma tabon na iya raguwa cikin shekaru. Sharaɗi biyu: a riƙa duba ƙodarka, kuma kar ka bari da kanka don ka ji garau, domin barin kwatsam na iya tayar da cutar da ƙarfi.

Abin da ya fi damuna gidanka ne. Kai uwargida da yaran nan huɗu a gwada su, har da yayanka da sauran waɗanda kuka fito ciki ɗaya. Wanda ba ya da ita a yi masa riga-kafi. In an sake haihuwa, allurar farko cikin awa 24, ba sai bayan suna ba. Wannan jiran na kwana bakwai yana cutar da mu. Aska da reza kowa da tasa, har wurin wanzami. Amma cin abinci kwano ɗaya da musabaha ba sa yaɗa ta, kar wani ya ware maka cokali. Ba kai kaɗai ba ne: binciken ƙasa na 2018 ya sami kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 ɗauke da ita.

Ka kiyayi gyaɗa da masara masu hunhuna. Gubarsu in ta haɗu da wannan ƙwayar, haɗarin kansar hanta na ninkawa.

Bello Mai Faci, Mabera

Na gode, Yaya Inno. Malam Umar, abu guda na manta: lokacin da anka ɗibi jinin nan ban daɗe da tashi daga masassarar cizon sauro ba. Kuma kuɗin gwajin DNA ya fi ƙarfina yanzu.

Umar, ma'aikacin ɗakin gwaji

To, wannan sai ka faɗa wa likita, don maleriya na saukar da PLT, tana kuma iya ɗaga AST. Ka bari ka murmure sosai, a sake waɗannan biyun da ALT. Su masu araha ne. In APRI ya tsaya sama da 0.5, ba dole sai an jira DNA kafin a fara magani ba. Sikanin ɗin dai kar ka ɗaga shi, a duba girman saifa da fuskar hanta. Ka nemi a tura ka asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wurin likitocin ciki, ka tafi da tsofaffin takardunka duka, har da ta ranar ba da jini.