Allurar intafiron da zazzaɓin da take sa wa matar yayana

Baban Ummi, Argungu:
Assalamu alaikum. Matar yayana ce ke fama da sankarar jini, irin wadda likitoci ke kira CML. A Sakkwato aka gano, aka ɗora ta kan ƙwayar imatinib, saifar da ta kumbura ta sace, har ta koma girkinta. Yanzu ta samu juna biyu, sai likita ya dakatar da ƙwayar ya mayar da ita kan allurar intafiron. Duk daren da aka yi mata, kwana take rawar sanyi, bargo biyu ba sa isarta, gaɓoɓi na ciwo. Inna ta dage maleriya ce, a kira mai kemis. Don Allah me ya sa za a bar maganin da ya karɓe ta a koma wanda ke kwantar da ita?

Malamar jinya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Saboda cikin ne. Imatinib na iya nakasa jariri, musamman a watanni ukun farko, shi kuwa intafiron da kyar yake ƙetare mabiyiya.

Kuma ba baƙo ba ne a jiki. Jikinmu da kansa yake fitar da shi idan ƙwayar cuta irin ta mura ta shiga, yana cikin abubuwan da ke sa mai mura zazzaɓi da ciwon jiki. Ka ga ke nan inda rawar sanyin ta samo asali. A kan sankara, yana rage saurin hayayyafar ƙwayoyinta, yana sa su bayyana alamominsu a fili yadda fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki za su gane su, sannan ya zaburar da masu tsaron su afka musu. Kada ku tsayar da allurar da kanku.

Ɗalibin haɗa magunguna, Gusau:
Anti ta gama magana. Tsohon magani ne: Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano shi a Landan a 1957, Amurka ta amince a yi maganin wata sankarar jini da shi a 1986. Kafin zuwan imatinib a 2001, shi ne babban abin dogaro a CML. An ture shi gefe don ƙwayar ta fi shi aiki da sauƙin sha, amma mai ciki har yau tana cin moriyarsa. Ku tambayi likita batun shan farasitamol kafin allura. Galibi wahalar kan lafa bayan 'yan makonni.

Malamar jinya, Birnin Kebbi:
Sai dai kada a yi wa Inna dariya. Argungu ce fa, ga fadamar shinkafa ga sauro, ga mace mai ciki. Zazzaɓin da ya zarce washegari, ko ya zo ranar da ba a yi allura ba, a kai ta gwaji, don maganin kan rage fararen ƙwayoyin jini. In kuma kuka ga ta yi shiru, tana kuka ba dalili, ba ta son abinci, ku gaya wa likita. Allurar kan jawo hakan, kada a ce iska ce.

Baban Ummi, Argungu:
Na gode ƙwarai. Saura ajiya: wuta ba tabbas, a firjin maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara muke sa shi.

Ɗalibin haɗa magunguna, Gusau:
Yallaɓai, cire shi daga wurin ƙanƙarar! Sanyin digiri 2 zuwa 8 yake so. In ya taɓa daskarewa, nuna wa likita kafin a sake tsira mata.